Dogon Gilashin Tsaya-Tukun

A layinmu babu mai kiran mai hoton nan da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Tsaya-Tukun kowa yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya ce tsaya tukun, ya leƙa waje ya taɓa ƙasa. In ka kawo masa tsaraba daga tafiya zai yi godiya har ka ji kunya, amma ka sani a ransa yana laluben abin da kake shirin roƙonsa. Ranar da likita ya ce masa lafiyarsa ƙalau, bai koma gida ba sai da ya biya wani asibitin, wai likitan farko ya faɗa da sauri da yawa.

Ba mugun mutum ba ne. In rashin lafiya ta kama wani a layin, shi ne na farkon zuwa dubiya, sai dai zai ɗauki kwalin maganin ya karanta ranar lalacewarsa kafin ya zauna.

Shagonsa ɗan ƙarami ne. Da ka shiga za ka ga farin labule na hoton fasfo, da wani mai zanen lambu wanda furanninsa suka koɗe, da fitilu biyu masu lema, da madubi da mataji ɗaure da zare, don kada matajin ya bi wani gida. Bayan allon katako kuma akwai kwamfuta da injin wanke hoto da Auta.

Auta ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsaya-Tukun ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa makaranta, ya jawo shi shago. Yanzu Auta ya yi furfura a gemu, 'ya'yansa suna sakandare, amma har gobe Auta ne. Aikin nasu a rabe yake. Tsaya-Tukun ne mai kyamara, shi ke ɗaga haɓar mutum, ya gyara masa kwala, ya ce kada ka yi dariya kuma kada ka ɗaure fuska. Auta ba zai iya haka ba, kunya gare shi, ko kuɗin aiki ba ya iya faɗa sai ya kalli ƙasa. Amma in hoto ya shiga hannunsa, ƙurajen fuska su ɓace, haske ya zauna daidai, mutum ya fito kamar ya yi barci mai kyau. Shi kuwa Tsaya-Tukun sau ɗaya ya taɓa kwamfutar, hotunan 'yan aji guda suka yi ɓatan dabo. Tun daga ranar ya yanke hukuncin cewa na'urar tana da riƙo, ba ya ko jingina da teburinta.

In babu ɗaya, babu shagon. Kowa a layin ya san haka, har su biyun, ko da yake ba su taɓa faɗa wa juna ba.

Ana nan sai wani ya buɗe shagon hoto a ɗaya hannun titin, can ƙasa, bayan wurin wankin mota da kantin magani. Mutum ne mai son kwat, ko zafi ya kai yaya, don haka Mai Kwat muka sa masa. Bai taɓa yi wa Tsaya-Tukun komai ba, kuma wannan ne ya fi damun Tsaya-Tukun.

Abin da ya kawo maganar gilashin kyamara kuwa ƙwallo ce. Wata makaranta ta daɗe tana ba Tsaya-Tukun aikin ɗaukar wasannin ɗalibanta. A filin ana tsayar da masu hoto bayan igiya, sai hotunansa su fito da yara ƙanana kamar tururuwa a kan tabarma. Wata rana wani uba ya kawo hoton ɗansa da Mai Kwat ya ɗauka a filin nan, daga bayan igiyar nan, ga fuskar yaron ta cika takarda har ana ganin gumi a hancinsa. Auta ya duba ya ce, "Yaya, dogon gilashi ne. Irin wanda ake murzawa ya jawo na nesa kusa. Zum suke ce masa."

"Na san sunansa," in ji Tsaya-Tukun. "Kai a ina ka san abin da yake da shi?"

"A hoton na gani, Yaya."

Tsaya-Tukun ya ce to, amma ya ajiye maganar a inda yake ajiye irinta.

Sayen gilashin ya ɗauki lokacin da wasu ke gina ɗaki. Ya yi ta zarya zuwa wani babban kantin kayan hoto a tsakiyar gari, har masu gadin wurin suka daina tambayarsa inda za shi. Mai kantin ya fara fito masa da na hannu.

"Wannan an yi amfani da shi kaɗan, Malam, amma kamar sabo yake."

"Tsaya tukun. In kamar sabo yake, me ya raba shi da mai shi?"

"Ya bar sana'ar ne."

"Gilashin ne ya kore shi?"

Mai kantin ya mayar da shi, ya ɗauko sabo fil a kwalinsa, a liƙe. Tsaya-Tukun ya jujjuya kwalin, ya ce ta yaya mutum zai san abin da ke ciki. Mai kantin ya sa reza ya yanke, ya fito da shi.

"To yanzu ai buɗaɗɗe ne."

"A gabanka na buɗe shi, Malam."

"A gabana yau."

Ya haska tocila ta gaba ya leƙa ta baya, yana neman ƙura ko fumfuna. Ya murza zoben a hankali ya kai ƙarshe, ya dawo da shi, kunnensa a jiki ko zai ji wani abu yana gogar wani. Ya sansana shi. Daga ƙarshe ya ɗaura shi a kyamararsa, ya fita bakin ƙofa, ya auna wani allon talla da ke saman bene can nesa, wanda da ido ko launinsa bai tantance ba. Ya danna, ya duba, sai ga lambar wayar da ke ƙasan allon, kowane harafi tsaf. Bai ce ya yi kyau ba. Ya dai ce a sa masa a leda biyu. Babur ɗinsa ya sayar kafin kuɗin su cika, ya koma hawa motar haya da jakar a rungume a ƙirji, yana hararar duk wanda ya zauna kusa da shi.

Gilashin yana da nauyin jariri. In ka murza shi zuwa ƙarshe, ɗan numfashin da za ka ja ya isa ya girgiza duk abin da ke ciki. Hotunansa na farko duk suka fito dishi-dishi, ya koma kantin da shirin faɗa. Mai kantin ya nuna masa ɗan maɓallin da ke rage rawar hannu, ya ce ya riƙa jingina gwiwar hannunsa a wani abu, kuma ya yi ta gwaji da abubuwa masu motsi kafin ranar wasa.

A saman shagon akwai wani ɗan ɗaki da suke jibge tsofaffin labule da kwalaye, mai taga ɗaya tana kallon titi. Nan Tsaya-Tukun ya mayar wurin gwajinsa. Ya ɗora filo a bakin tagar, ya kwantar da gilashin a kai, yana bin masu keke da masu tura kura. Cikin mako guda hannunsa ya faɗa. Cikin mako guda kuma ya san abubuwa da yawa game da layinmu da bai kamata mutum irinsa ya sani ba. Ya gano wanzami yana gyangyaɗi da almakashi a hannu. Ya gano mai wankin mota yana ɗauraye tsumma ɗaya a bokiti ɗaya tun safe.

Wata safiya ya hango Auta ya tsallaka titi zai sayo musu burodin shayi, kamar yadda yake yi kullum. Ya bi shi da gilashin don gwaji kawai, ya murza har ƙarshe, kan Auta da kafaɗunsa suka cika idon kyamarar. Sai ga Mai Kwat. Bakinsa daidai kunnen Auta, tafin hannunsa ya kare bakin, Auta kuma ya sunkuyar da kai irin na mai sauraro. Yatsan Tsaya-Tukun ya danna da kansa. Kafin ya sauke kyamarar ya duba da idonsa, wata doguwar mota ta gitta ta tsaya tana sauke mutane. Da ta wuce, Auta yana dawowa da burodi a leda.

"Wa ka gani a hanya?" ya tambaye shi da suka zauna shan shayi.

"Ba kowa. Mai burodi."

"Shi kaɗai?"

"Da burodinsa," in ji Auta, yana dariya.

Tsaya-Tukun bai yi dariya ba. Abin da ya gani a fili yake: Mai Kwat yana zawarcin Auta. Mai Kwat yana da kyamara, yana da gilashi, abin da ba shi da shi hannun Auta ne. In Auta ya tsallaka titin nan, shagon Tsaya-Tukun ya zama ɗakin ajiye labule.

Daga ranar gwajin masu keke ya ƙare. Auta ya fita, Tsaya-Tukun ya hau sama. Auta ya je kantin magani, an ɗauka. Auta ya tsaya amsa waya a gindin falwaya, an ɗauka. Bai sake kama shi da Mai Kwat ba, abin da ya nuna masa cewa sun ƙara wayo. Ya canja kwaɗon kabad ɗin kyamara. Ya ɗana tarko: ya gaya wa Auta a asirce cewa zai rage kuɗin hoton fasfo, ya zauna jiran ya ga ko Mai Kwat zai riga shi. Mai Kwat bai rage ko kaɗan ba.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Sun san na sani."

Matarsa mace ce da ta daɗe da koyon zama da shi. Ta karɓi kyamarar ta duba hoton a ɗan allon bayanta, ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Baban yara, ka tambaye shi mana. Ƙaninka ne fa."

"In na tambaye shi zai ce a'a."

"In kuma a'a ɗin ce gaskiya?"

"Hoto ba ya ƙarya. Shekarata nawa a sana'ar nan?"

Ya so ya wanke hoton ya yi girma don ya karanta fuskokin da kyau, sai ya tuna mutum biyu ne kaɗai a layin ke iya wanke hoto, kuma dukansu suna cikinsa.

Ranar wasan ƙwallo gilashin ya yi abin da aka saye shi dominsa. Tsaya-Tukun ya tsaya bayan igiya, ya kama yaro a sama yana sa wa ƙwallo kai, ya kama mai tsaron gida yana shawagi, ya kama wata uwa tana ihu da takalmi ɗaya a hannu. Ya dawo shago rana ta dafa shi, ransa fari tas, ya zare ɗan katin kyamarar ya miƙa wa Auta kamar yadda ya saba tun fil azal. Ya ce malamin wasanni na makarantar zai zo karɓar hotunan gobe da safe. Ya tafi gida ya yi wanka. Sai da ya ɗebo ruwa a kofi zai sha, sannan ya tuna abin da ke cikin katin ban da ƙwallo.

Da safe ya tarar da shagon a share. A kan tebur akwai ambulan na makaranta, aikin a kammale. Kusa da shi kuma wani tarin hotuna, an jera su tsaf, an ma gyara musu haske. Auta yana tsallaka titi. Auta yana sosa ƙeya. Auta yana zaune a bencin kantin magani shi kaɗai, yana kallon takardar likita da bai taɓa gaya wa kowa yana da ita ba. Hoton Mai Kwat ne a sama, a kansa kuma makullin shagon na Auta. Kwamfutar a kashe, an lulluɓe ta da mayafinta.

Tsaya-Tukun yana tsaye yana kallon makullin malamin wasanni ya shigo. Ya buɗe ambulan ɗinsa, yana dubawa yana jinjina kai, har ya kai kan wani hoto ya fashe da dariya.

"Malam, wannan za mu manna a ofis. Dubi shugaban makaranta ya shiga raga yana ba mai tsaron gida shawara."

Tsaya-Tukun ya karɓa. Ga mai tsaron gida ya durƙusa, ga shugaban makaranta a kafaɗarsa, kamar zai ciji kunnensa. Amma Tsaya-Tukun yana filin jiya. Ya san inda shugaban ya zauna: a rumfar baƙi, can bayan raga, bayan hanyar masu gudu, inda ko da ihu yaron ba zai ji shi ba. Ya sake duba sauran. Bishiyoyin bayan katanga sun zo sun tsaya a kan 'yan wasa. Tankin ruwan wata unguwa ya zauna a kan alƙalin wasa kamar hula. Gilashin ba jawo na nesa kawai yake yi ba, yana tattaro na gaba da na baya ya matse su wuri ɗaya.

Da wani mutumin ne, da nan ya tsaya. Tsaya-Tukun bai yarda da gilashin ba, bai kuma yarda da hoton da ya tona gilashin ba. Ya aika aka kira masa matarsa, ya hau da ita sama, ya saita mata kyamarar a kan filo, ya nuna mata inda za ta danna.

"Zan je in tsaya wurin mai burodi. In mutumin nan ya fito ƙofar shagonsa, ki danna."

"Yau kuma ni ce mai leƙen?"

"Gwaji ne."

Ya tsaya gaban teburin mai burodi yana jujjuya burodin da ba saya zai yi ba, har mai burodin ya fara tambayarsa ko lafiya. Daga inda yake ya duba ƙasa: wurin wankin mota, kantin magani, kwata, sannan ƙofar Mai Kwat. Can Mai Kwat ya fito shan iska, ya gyara kwat, ya yi wata doguwar hamma ya rufe baki da hannu.

Da ya hau sama ya tarar da matarsa tana goge hawayen dariya da gefen mayafi. Ta juya masa allon. Ga shi nan, kumatunsa a jikin na Mai Kwat, kamar aminan da suka daɗe ba su haɗu ba.

"Ashe kai ma an saye ka, Baban yara. Nawa ya ba ka?"

Ya sa kyamarar a jaka, ya sauka, ya rufe shagon da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

Da ya isa gidan ƙanin nasa, matar Auta ce ta buɗe masa. Ta gaishe shi da Yaya kamar kullum, ta kawo ruwa, ta shige ciki ta ja ƙofa. Auta yana zaune a falo da singileti yana gyara fankar da ta daɗe da lalacewa. Tsaya-Tukun ya zauna, ya fito da kyamarar, ya nuna masa hotonsa da Mai Kwat, ya shiga bayanin yadda gilashin ke matse tazara.

"Na sani, Yaya. Tun da na ga hoton na gane. Ga gefen teburin mai burodi nan a kusurwa."

"To ka ga kuskure ne. Gilashin ne."

"Wannan ɗin gilashin ne. Sauran fa?"

Tsaya-Tukun ya kalli fankar. Ya ce takardar likitan ta mece ce. Auta ya ce hawan jini ne, an ba shi magani, ba wani abu ba ne.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da ka kai ni asibiti uku."

Auta ya ɗaura wata ƙusa, ya kwance ta.

"Bari in gaya maka abin da gilashinka bai gani ba," ya ce. "Mutumin nan ya neme ni. Tun watan da ya buɗe shago. Ba a titi ba, nan ya zo, ya zauna inda kake zaune. Na ce masa ina da yaya. Ban gaya maka ba don na san ba za ka ƙara barci ba."

Tsaya-Tukun ya ɗan muskuta a kujerar kamar ta yi zafi. Tambayoyi sun taru masa a baki, ana ganinsu. Ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ya fi sayar da babur wuya.

"Auta, na yi maka laifi," ya ce. "Ka dawo. In ba kai, ni ko hoton fasfo ba zan iya ba mutum ba."

Da Auta ya amsa, idonsa ba a ƙasa yake ba. Ya ce zai dawo, amma ba kamar da ba. Aikin shago na safe ne. Daga azahar kwamfutar tasa ce, zai karɓi gyaran hoto daga duk mai hoton da ya kawo, a teburinsa, a gaban kowa.

"Duk wanda ya kawo?"

"Duk wanda ya kawo, Yaya."

Tsaya-Tukun ya ce to.

Ba a yi mako ba, wata rana da yamma muna zaune a bakin shagon wanzami, muka ga Mai Kwat ya tsallako titi da ɗan katinsa a hannu. Duk layin ya daina abin da yake yi. Ya yi sallama a ƙofa, ya gaida Tsaya-Tukun, ya sake gaishe shi. Tsaya-Tukun ya miƙe, ya jawo kujerar da ake zaunar da masu hoton fasfo, wadda ita ce mai kyau a shagon, ya kai masa bayan allon katako kusa da Auta. Shi kuma ya koma ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya musu baya, yana kallon titi kamar an ba shi gadinsa, har suka gama.

Bayan Mai Kwat ya tafi, ya leƙa bayan allon, ya rage murya.

"Auta, me ya sa ya gaishe ni sau biyu?"

"Ba ka amsa ta farkon ba, Yaya," in ji Auta, bai ɗago daga kwamfutar ba.